Gashina ya zube, na daina shiga mutane: shin fita tare da masu irin lalurata zai amfane ni?

"Assalamu alaikum likita. Shekaruna 27. Shekara uku ke nan da gashina ya fara zubewa. Da farko wani ɗan fili ne kewayayye a ƙeya, yanzu kuwa kaina tas yake, girata ta tafi, gashin ido ma saura kaɗan. An ce mini alofeshiya ce. Na sha allurai, na yi shafe-shafe, ya ɗan tsiro ya sake zubewa. Maganar gaskiya na daina shiga mutane, daga wurin aiki sai ɗaki. Kwanan nan wata mai irin lalurar ta gayyace ni wata fita da ƙungiyarsu ke yi, su je wurin shaƙatawa su wuni tare. Zuciyata ta kasu biyu. Gani nake in na bi su kamar na haƙura ke nan da warkewa. Kuma ina tsoron a ce sai na buɗe kaina, ko mu taru mu zama abin kallo. Shin irin wannan fita tana da amfani na gaske, ko in jira har gashin ya dawo?"

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da fama. Na karanta wasiƙarki da kyau, kuma na ga tambayoyi uku ne kika dunƙule wuri ɗaya. Kina son sanin ko shiga cikin masu irin lalurarki yana nufin kin yanke ƙauna daga magani. Kina son sanin ko za a tilasta miki abin da ba ki shirya ba. Sannan akwai ta ƙarshe, wadda ita ce ta fi damuna: ko ya dace ki jingine rayuwarki har ranar da gashi zai dawo. A matsayina na likitar fata da ta daɗe tana duba masu zubewar gashi, kuma tana zama da su a ƙungiyar tallafin juna, shawarata ita ce ki amsa gayyatar nan. Amma ba zan ce miki "je ki" kawai in yi shiru ba. Bari in shimfiɗa miki dalilaina, tare da wuraren da fitar ba za ta iya yi miki komai ba.

Abin da ke faruwa a fatar kanki

Ban gan ki ba, ban duba fatar kanki ba, don haka ba zan tabbatar da sunan ciwonki daga wasiƙa ba. Sai dai yadda kika siffanta shi, fili kewayayye mai santsi da ya bazu har ya cinye kai da gira, ya yi daidai da alofeshiya ariyata. A wannan lalura garkuwar jiki ce ke kuskure, wasu fararen ƙwayoyin jini su yi wa tushen gashi ƙawanya kamar wani baƙon abu ne, sai gashin ya daina girma ya faɗi. Kusan mutum 2 cikin 100 za su gamu da ita a wani lokaci na rayuwarsu, maza da mata, yara da manya. Ba a ɗaukarta daga wani, ba ƙazanta ke kawo ta ba, kuma ba wani abu kika yi ko kika ƙi yi ba. Wani lokaci tana tafiya tare da ciwon tayirod (wata halitta da ke gaban wuya) ko farin tabon fata, wani lokaci kuma farce ya riƙa yin ƙananan ramuka, shi ya sa nake so likitanki ya duba waɗannan in bai riga ya duba ba.

Ya kamata a bambanta ta da sauran nau'o'in zubewar gashi, domin mutane kan haɗa su su ba da shawara ɗaya. Akwai sanƙon gado, wanda ke sirantar da gashi a hankali cikin shekaru. Akwai zubewar da ke biyo bayan haihuwa, zazzaɓi mai zafi ko tiyata da kamar wata biyu zuwa uku, wadda yawanci takan daina da kanta. Akwai ta jan gashi, da kitso mai tsauri ke jawowa a goshi da gefen kunne. Akwai makero, musamman ga yara. Akwai kuma masu barin tabo, waɗanda ke kashe tushen gashin gaba ɗaya. Taki ba ta kashe tushen. Yana nan da ransa ƙarƙashin fata, shi ya sa kika ga ya tsiro sannan ya sake zubewa, kuma shi ya sa ake samun wanda gashinsa ya dawo bayan shekaru.

Wannan albishir ne, amma shi ne kuma abin da ya fi wahalar da masu lalurar. Babu likitan da zai iya ce miki ga watan da zai dawo. Abin da muka sani shi ne ƙananan filaye sukan cike da kansu cikin shekara guda ga mutane da yawa, yayin da wanda kansa gaba ɗaya ya zube kuma ya daɗe a haka, damarsa ta dawowar gashi ba tare da magani ba ta fi ƙanƙanta. Allurar da aka yi miki a fatar kai, ina kyautata zaton ta sitiroyid ce, wato maganin da ke kwantar da garkuwar jiki a wurin, tana aiki sosai a kan ƙananan filaye, amma ba ta isa ta rufe kai guda ba. A 'yan shekarun nan an samu ci gaba na gaske. A 2022 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ƙwayar barisitinib ga manya masu lalurar mai tsanani, a 2023 ta amince da ritilesitinib ga 'yan shekara 12 zuwa sama, a 2024 kuma aka ƙara ta uku. A manyan gwaje-gwajen barisitinib, ɗan fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka sha awo mafi girma sun samu gashi ya rufe kashi 80 cikin 100 na kansu bayan mako 36. Ki lura da ɗaya gefen lissafin: mafi yawa ba su kai nan ba a wannan wa'adi. Magungunan suna rage ƙarfin garkuwar jiki, sai an gwada mutum ko yana da tarin fuka kafin a fara, ana bibiyar jininsa, ba a sha da juna biyu, kuma sau da yawa gashin kan sake zubewa in an daina. Ki tattauna su da likitan fata, kada ki saye su da kanki.

Na kawo duk wannan ne don ki ga lissafin jira. Ko da an dace da magani gobe, gashi santimita ɗaya yake yi a wata, kuma zai ɗauki watanni kafin ya fara leƙowa. In ba a dace ba, jiran ba shi da ranar ƙarewa. Kin riga kin ba ɗaki shekara uku daga cikin shekarun ƙuruciyarki. Ba na so ki ƙara masa wasu a kan alƙawarin da babu wanda ya ɗaukar miki.

Game da batun haƙura kuwa, tushen gashinki bai san inda kika wuni ba. A cikin waɗanda ke fita da mu akwai masu shan magani a kan kari, akwai waɗanda suka gwada suka gaji suka ajiye, akwai waɗanda gashinsu ya dawo amma suka ci gaba da zuwa saboda sababbin shiga. Neman magani da neman abokan tafiya ba sa karo da juna. Na ma lura waɗanda ba su kaɗaita ba sun fi jure doguwar jinya, kuma sun fi wuyar faɗawa hannun masu sayar da man da aka ce yana tsirar da gashi cikin kwana bakwai.

Yadda ɓuya ke girma

Zubewar gashi ba ta da zafi a jiki, shi ya sa mutane ke saurin cewa "ai gashi ne kawai, ki gode Allah ba wani mugun ciwo ba ne." Masu faɗin haka alheri suke nufi, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gira da gashin ido su ne ke zana fuska, da su ake gane mamaki da fushi da tausayi. Wadda ta rasa su takan kalli madubi ta ga wata baƙuwa. Baƙin cikin da kike ji na rashi ne, kuma yana da hujja. Bincike da dama ya nuna fargaba da ciwon damuwa sun fi yawa a tsakanin masu wannan lalura.

Abin da nake so ki gane shi ne yadda ɓuya ke aiki. Ranar farko da kika ƙi zuwa wani taro, kin ji sauƙi nan take, kamar an sauke miki kaya. Wannan sauƙin shi ne tarkon. Zuciya takan koyi cewa zama a ɗaki ne ya cece ta, don haka a karo na biyu ƙin zuwa ya fi sauƙi, zuwa kuma ya fi ban tsoro. A hankali da'irar ta riƙa tsukewa: taro ya fita, ziyara ta fita, hoto ya fita, har amsa waya ta zama aiki. Kuma tunda ba ki je ba, ba ki taɓa samun damar ganin cewa abin da kike tsoro bai faru ba, ko ya faru kin iya ɗaukarsa. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da tabbatar da cewa gujewa tana ciyar da tsoro, kuma abin da ke rage shi shi ne shiga abin da ake tsoro kaɗan-kaɗan, a maimaita, har jiki ya saba. Ƙarfin gwiwar da kike jira ya zo kafin ki fita, a bayan fita yake zuwa.

Akwai wani gwaji da Thomas Gilovich na jami'ar Cornell da abokan aikinsa suka wallafa a shekarar 2000. An sa ɗalibai su shiga ɗaki sanye da riga mai hoton da suke jin kunyarsa, sannan aka tambaye su mutum nawa suke zaton sun lura. Sun zaci kusan rabi ne, alhali kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai. Mukan ɗauka idon duniya a kanmu yake fiye da yadda yake. Amma ba zan yaudare ki ba: fuska marar gira ta fi riga jan ido, kuma za a kalle ki. Wasu za su zaci ciwon daji gare ki, su zo suna miki sannu. Yaro zai nuna ki da yatsa. Don haka abin da ake koya ba wai yarda cewa babu mai kallo ba ne. Ana koyon yadda za a ɗauki kallon a wuce.

Abin da fita tare ke yi wanda zama a ɗaki ba ya yi

Zaman tattaunawa a rufaffen ɗaki yana da amfaninsa, hirar waya ma haka. A nan ne mutum ke fara jin wani ya faɗi abin da ya zaci shi kaɗai ke ji. Sai dai matsalarki a waje take, a titi, a layin jira, a gaban baƙin idanu. Ba a warware ta sai a inda take. Ƙungiyoyin da suka daɗe a wannan aiki sun gane haka. Gidauniyar masu alofeshiya ta Amurka, wadda aka kafa a 1981, tana tara masu lalurar da iyalansu a babban taro duk shekara. A Birtaniya, ƙungiyar Alopecia UK takan kwashi mutane, yara da manya, zuwa wurin wasanni na Alton Towers su wuni a tsakiyar jama'a. Akwai ma wata a Amurka mai suna Bald Girls Do Lunch, wadda ta ginu a kan mata masu lalurar su haɗu su ci abinci tare a bainar jama'a. Biyun nan na ƙarshe da gangan suka zaɓi fili.

Abu na farko da ke faruwa shi ne kallon yana rabuwa. In ke kaɗai ce, duk idon da ya ɗago a kanki yake sauka, kuma ke kaɗai za ki fassara shi, yawanci da mafi munin fassara. In kuna goma sha, mai kallo yakan fahimci da kansa cewa wata lalura ce da mutane ke da ita, ya kalla ya kau da kai. Kika ce kina tsoron ku zama abin kallo. E, ƙungiya ta fi mutum ɗaya jan hankali, amma nauyin da ke kan kowace ɗaya ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma akwai wadda za ki haɗa ido da ita ku yi murmushi.

Na biyu, kuma a ganina shi ne mafi girma, za ki ga yadda wasu ke yi. Ana yawan kawo misalin shahararrun mutane. Pierluigi Collina, alƙalin wasan da ya busa wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta 2002, ba shi da gashi ko gira saboda wannan lalura. Joanna Rowsell, 'yar tseren keke ta Birtaniya, ta karɓi lambar zinare a gasar Olamfik ta Landan a 2012 ba tare da hular gashi ba. Ayanna Pressley, 'yar majalisar wakilan Amurka, ta bayyana tata a 2020. Labarinsu yana ƙarfafa zuciya, amma na ga tasirinsa bai kai na mace irinki ba, wadda ke tsaye kusa da ke tana ciniki, mai kaya ya ƙura mata ido, ta ci gaba da maganarta muryarta ba ta rawa ba. Ko wadda yaro ya tambaya "ina gashinki?" ta durƙusa ta ce masa "ya zube ne, amma ba ya mini ciwo," yaron ya ce to ya ruga wasansa. Abin da kika shekara kina jin tsoro ya faru a gabanki ya wuce cikin daƙiƙa goma. Ba ni da wata hanya da zan koya miki wannan a ɗakin duba marasa lafiya.

Na uku, fitar tana da abin yi. Ana tafiya, ana kallon wuri, ana neman inda za a zauna, wata ta ɓata a nemo ta. Hankali yakan tashi daga kan "yaya nake a idonsu" ya koma kan abin da ke gabansa. Sau da yawa wata takan zo mini a ƙarshen wuni da mamaki ta ce ta yi awa biyu ba ta tuna da kanta ba. Ga wadda ta saba tashi da tunanin gashi ta kwanta da shi, awa biyun nan ba ƙaramin abu ba ne, domin sun nuna mata cewa hutun yana yiwuwa.

Sai kuma ilimin da ake musanye a hanya, wanda ko mu likitoci ba mu kai su saninsa ba: yadda ake zana gira ta yi kama da ta gaske ba ta narke da gumi ba, irin ƙyallen da ba ya zamewa a kan fata mai santsi, yadda ake hana hular gashi ƙaiƙayi a lokacin zafi, abin da ake gaya wa shugaba a wurin aiki, da lokacin da ya dace a faɗa wa mai neman aure. Wannan na ƙarshe shi ne aka fi daɗewa a kansa duk sa'ad da aka zauna, kuma jin amsoshi daban-daban daga waɗanda suka riga suka bi ta wurin ya fi duk wata nasiha da zan bayar.

Dole ne ki buɗe kanki?

A'a. Ƙungiyar da ta san abin da take yi ba ta sa wa kowa wannan sharaɗi. A fita ɗaya za ki ga mai hular gashi, mai ɗankwali, mai hula, da wadda ta bar kanta a buɗe. Wasu suna rufe kai saboda addininsu, da gashi ko babu, kuma ba wanda ya isa ya ce musu ba su karɓi kansu ba. Ina adawa ƙwarai da ra'ayin da ke auna warkewar zuciya da buɗe kai, kamar wadda ta sa hular gashi matsoraciya ce. Ma'aunin da nake amfani da shi daban ne: shin abin da kika sa a kanki yana ba ki damar zuwa inda kike so, ko kuwa tsoron kada ya zame ne ke hana ki zuwa? Wadda ke sa hular gashi ta je ko'ina, kuma in iska ta ɗaga ta za ta gyara ta ci gaba da tafiya, ta fi 'yanci a kan wadda aka matsa wa ta buɗe ta koma gida tana kuka.

In wata rana ke da kanki kika so gwadawa, akwai tsani. Ki fara a gida gaban mutum ɗaya da kika amince da shi, sannan a ɗaki tare da 'yan ƙungiyar, sannan wani ɗan lokaci a waje tare da su. Kowane mataki ki maimaita shi har bugun zuciya ya lafa kafin ki hau na gaba. In kuma ba ki taɓa so ba har abada, babu abin da ya ragu daga gare ki. A wurinki ma wataƙila matakin da ya fi muhimmanci shi ne ɗaga kai a kalli mutum ido cikin ido da fuska marar gira, tunda ita ba ta rufuwa.

Kafin ranar da kuma bayanta

Ki kira wadda ta gayyace ki ki yi mata tambayoyi ba kunya. Mutum nawa ne, maza da mata ne ko mata zalla, ina za a je, wa ke jagoranta. Ki tambayi dokarsu a kan hoto, domin wannan ne wurin da aka fi cutar da mutane ba da niyya ba: wata ta ɗauki hoton ƙungiya cikin murna ta sa a Facebook, dangin wata da ba su san halin da take ciki ba su gani. Ƙungiya ta gari ba ta ɗaukar hoton kowa sai da izininsa, kuma abin da aka faɗa a ciki ba ya fita. Ki roƙe ta ku haɗu a waje ku shiga tare, saboda mintunan farko su ne mafi wuya. Ki kuma tanadi hanyar komawarki da kanki, ki gaya mata tun farko cewa mai yiwuwa awa ɗaya kawai za ki yi. Sanin cewa ƙofa a buɗe take yakan sa mutum ya zauna fiye da yadda ya yi niyya.

Ki shirya jumla ɗaya ko biyu da za ki faɗa in an tambaye ki, ki maimaita su a gida har su zauna a bakinki. Ƙungiyar Changing Faces ta Birtaniya, mai taimakon waɗanda kamanninsu suka bambanta, tana koyar da tsari mai sauƙi: ki yi gajeren bayani, ki kwantar wa mutum da hankali, sannan ki juya maganar. Misali: "Lalurar zubewar gashi ce, lafiyata lau kuma ba a ɗauka. Kin san ta ina ake shiga?" Ba kowa ne ya cancanci bayani ba. Wanda ya zo da rashin ladabi, "ba na son magana a kai" ta ishe shi.

Jikinki ma yana buƙatar tanadi. Fatar kan da ba gashi tana ƙonewa a rana da sauri, ko da mutum baƙi ne, don haka a rufe ta ko a shafa man kariya daga rana. Rashin gashin ido yana barin ƙura da iska su shiga ido kai tsaye, rashin gira kuma yana barin gumi ya gangaro ciki. Tabarau da ɗan hankici suna magance yawancin wannan. In akwai sanyi, kai marar gashi yana saurin jinsa.

Akwai abubuwan da za su iya yi miki ciwo a can, gara ki ji su daga bakina. Za ki iya ganin wadda ta fi ki daɗewa da lalurar da shekaru masu yawa, gabanki ya faɗi ki ce haka zan ƙare ke nan. Za ki iya ganin wadda gashinta ya dawo, ki ji wani abu mai kama da hassada ya soke ki, ki kuma ji kunyar jinsa. Duka biyun kowa a wurin ya taɓa jinsu. Tafiyar ciwon kowa daban take, ta wata ba ta hasashen taki. Ki yi hattara kuma da duk wanda ya mayar da haɗuwar kasuwa, yana tallar mai ko ƙwaya, ko yake ce wa mutane su bar maganin likitansu. In jagororin suka bar haka na faruwa, ko kika ga zaman ya koma gasar wa ya fi shan wuya, ki nemi wata ƙungiyar. Rashin dacewa da ƙungiya ɗaya ba hukunci ba ne a kan duka.

Mutane da yawa sukan dawo daga fitar farko da farin ciki, sai washegari ko jibi su ji wani nauyi ya danne su, domin sun koma inda su kaɗai ne. Kada ki ɗauka fitar ce ta gaza. Wuni ɗaya ba ya rushe abin da aka gina cikin shekara uku, kuma amfanin yana ɗorewa ne in kin ɗauko shi kin kawo cikin makonki. Shi ya sa nake ce wa kowace sabuwar shiga ta karɓi lambar mutum ɗaya kafin a watse, sannan cikin mako guda ta yi wata ƙaramar fita ita kaɗai ko da 'yar uwarta, zuwa wani wuri da ta daina zuwa, ko da na minti ashirin ne.

Iyakar fitar ita ce ba ta maye gurbin jinya. Kalmar da kika yi amfani da ita, "daga wurin aiki sai ɗaki", ta sa ina so in yi miki tambayoyin da zan yi da kina gabana. Yaya barcinki? Kina cin abinci? Abubuwan da kike jin daɗinsu a da, har yanzu suna miki daɗi? In kin kai mako biyu ko fiye kusan kullum cikin ƙunci da rashin sha'awar komai, wannan alamar ciwon damuwa ce, kuma yana da magani nasa na daban, ta hanyar zama da masanin halayya ko ƙwayoyi ko duka biyun. In kuwa tunanin cewa gara ba kya raye ya taɓa zuwar miki, kada ki jira ranar fita, ki gaya wa wani na kusa da ke yau, ku je wurin likita tare. In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, to ki nemi ganin likitan fata don a sake duba zaɓin maganinki bisa sababbin ƙwayoyin da na ambata, ki kuma kira baiwar Allahn nan ki ce mata ta sa sunanki. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa a dace.